Kocin da Ke Kare Baki

"In ka zama babban koci, me za ka yi mana, yaro?" in ji Madam Odom, tsohuwa mai kulob ɗin ƙwallon garinsu a Texas, suna zaune a gidan cin abinci.

Terrell, matashin da ke tsara wa 'yan wasa hari, ya ɗauki takardar jerin abinci ya kare bakinsa. Haka ya saba a fili, kada abokan hamayya su karanci leɓensa. Ya yi ta zuba har nama ya huce.

Ɗan tsohuwar, da ke zaune kusa da shi, ya raɗa masa, "Ka kashe kanka, abokina. Mama ba ta ji, leɓe take karantawa."

Terrell ya yi sauri ya ajiye takardar.

Tsohuwa ta goge baki. "A ba shi aikin. Tun ina budurwa nake satar dabarun abokan hamayya daga leɓen kocinsu. Wannan ko kalma ban samu ba."