Gado Mai Kunne

Tun da aka kawo gadaje masu kunne babban asibitin koyarwa, wanda shi kaɗai ƙasar ke da shi, gaisuwa ta zama abin tsoro. Duk majinyacin da ya furta cewa ya sami sauƙi, sai fitilar gadonsa ta koma koriya, a sallame shi, a kwantar da na layi.

Shi ya sa Tanimu, mai ciwon ƙoda, ya kama bakinsa. Ko matarsa Kulu da ido take tambayarsa.

Ranar Juma'a sai ga Gwaggo Yalwa, wadda ta goye shi, ta taso daga ƙauye. Kulu ta tare ta a ƙofa.

"Gwaggo, don Allah kar ki tambaye shi jiki."

"Ikon Allah! In zo dubiya in tsaya kamar gunki?"

Ta wuce ciki, ta dafa goshin Tanimu. "Ɗan nan, ya jiki?"

Tanimu ya dubi fitilar, ya dubi tsohuwar. Bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba, kuma tun da aka haife shi amsa ɗaya ya sani.

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ga shi har fitilarka ta yi kyau."