Lallen Delu

Tun da aka haramta motar da mutum ke tuƙawa da kansa, hannu 'yan sintiri suke dubawa don gano masu gyara ta a ɓoye. Delu na leƙe ta zaure suka ga baƙin mai a farcen mijinta, Malam Ilu.

"Baba, ɗora hannunka a dakalin nan," in ji babbansu. Guduma ta sauka, yatsu suka farfashe, jini ya wanke dakalin.

Da suka tafi ta ɗaure masa hannu, ta yaye buhunan da ke rufe da tsohuwar motarsu Fijo. Aksul ɗin da ke riƙe tayoyin baya na nan a kwance, kuma sai motar ta gyaru za su tsallake iyaka.

Ta ƙunsa lalle a hannunta har ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauki sifana.

"Malam, ba sa duba hannun mai lalle. Wane noti zan fara ɗaurewa?"