Ƙamshin Ruwan Farko

Tun da mutanen Gusau suka koma zama a ƙarƙashin ƙasa, doka ɗaya ce ba a wasa da ita: wanda duk ya saki baƙuwar iska a unguwa, waje za a kora shi, inda numfashi ba ya yiwuwa.

Da hantsi, in ji agogon bango, Malam Sallau ya kira 'yarsa Tabawa. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa.

"Ɗauko min kwalbar nan ta ƙarƙashin gado. Iskar gonata ce, ranar ruwan farko na rufe ta."

"Baba, in ta fita fa ba ta komawa."

"Na sani. Ni ma tafiyar zan yi."

Tabawa ta toshe ƙasan ƙofa da zane, ta kai kwalbar hancinsa, ta ɗan murɗa murfin. Ya ja numfashi, ya lumshe ido. Ta yi maza ta rufe, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ya cika ɗakin, ya bi bututun iskar unguwa.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe. Ba jami'ai ba ne tukuna. Tsohuwar maƙwabciyarsu ce, Inna Dije, hawaye shaɓe-shaɓe.

"'Yar nan, kafin su iso, bar ni in shigo in zauna."