Lallen da Aka Dasa Kai Ƙasa

Wani mutum ya dawo daga Faransa da labari guda ɗaya, wanda kullum yake ƙara tsawo. Wai shi ne sarkin lambu a wani tsohon gidan sarauta na karkara, wanda wani bafaden sarkinsu ya gina shekara ɗari uku da suka wuce. Bafaden ya tashi ƙauyuka, ya karkatar da kogi, don kawai in ya tsaya a bene ya ga hanya ta miƙe samɓal har inda ido ya gaza. Shinge a aske kamar aikin zare a ƙirjin babbar riga, dama bai fi hagu da ganye ɗaya ba, ruwa na tsartuwa daga bakin kifin dutse. Shekara goma, in ji shi, almakashi bai bar hannunsa ba. In majalisa ta cika, shekarun sukan zama sha biyar.

Wani attajiri ya ji, ya ɗauko gwanin ya ce ya yi masa irinsa a lambunsa na bakin fadama. Tsohon da ya shekara talatin yana ban-ruwa a wurin yana tsaye aka kafa turaku, aka ja igiya, aka ce duk abin da ya taɓa ta a sare. Gwaiba ta tafi. Lemun tsami ya tafi. Giginyar da ta girmi mai lambun, ita ma wai ta ɓata layi. Tsoho ya ce a ƙasar nan inuwa ake nema, ba layi ba. Aka tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgi. Saura mangwaro bakwai da ya dasa da hannunsa, an shafa musu jan fenti, ana jiran mai injin sara.

Da yake babu irin shingen Turawa, gwanin ya ce lalle ya isa. Ya yanko rassa, ya hana kowa taɓawa, ya dasa da kansa. Sati uku tsoho na ɗibar ruwa yana zubawa, ko tsiro. Gwani ya ce ƙasar ce ba ta waye ba. Ranar da mai inji ya iso, tsoho ya sunkuya ya zaro reshe ɗaya, ya zaro na biyu, ya zaro na goma, ya miƙa wa attajirin.

"Maigida, dubi idon reshen. Ko a Faransa sama yake kallo. Duk kai ƙasa aka soke su."

Sannan ya kamo hannun gwanin ya buɗe a gaban kowa, tafi sumul kamar na jariri. "Shekara goma da almakashi, ina kantar?"

Ashe sau ɗaya gwanin ya taɓa shiga lambun na Faransa, da tikiti, cikin 'yan kallo. Mangwaro sun tsira, giginya kuwa ba ta dawo ba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.