Hannu Mai Lalle

"Kibiya a fuskar ɗana? Wallahi ba da ni ba!"

Tsohuwar ta fizge hannunta daga linzamin kwamfuta kamar ta taɓa garwashi.

Mai shagon intanet ɗin ta yi turus. Duk Zongo an san ta da yi wa Windows kwaskwarima. Ita ce ta sauko da ƙananan manhajoji, ta share alamomi da rubutun Faransanci daga allo, ta jera hotunan 'ya'yan unguwa da ke ƙasashen waje. Wanda bai iya karatu ba sai ya danna fuska, kira ya tafi. Har dillalan goro sun sara mata. Amma ba ta taɓa kallon ɗan abin nunin nan da ke yawo a allo a matsayin makami ba.

"Inna, alama ce kawai."

"Alamar me? Yaro yana Abijan, ana harbe-harbe, ki ce in auna shi da kibiya?"

Mai shagon ta ɗauko kyamara. "Inna, ara mini hannunki."

Ranar Juma'a tsohuwar ta dawo. Babu kibiya. A gurbinta ga ɗan mitsitsin hannu, jawur da lalle, har da zobenta na azurfa. Ta motsa linzami, hannun ya motsa.

"To danna, Inna, yana jira."

"Ya jira."

A hankali ta kai hannun kan goshinsa, ta gangaro kumatunsa, tana shafawa, bakinta yana motsi da addu'a.