Inuwar Haruffa

"Goge sunanta," na ce wa 'yata.

Ba ta yi musu ba. Ta buɗe zanen allon shagon littattafanmu na Wuse a kwamfutar mahaifiyarta, wadda ke haɗe da injin yanka haruffa. Sunana a sama, na marigayiya matata a ƙasa, da ruwan zinare. Na gaji da masu karanta allon su leƙo suna cewa, "Oga, ina Madam?" Ba sa sayen littafi, sai dai su bar mini ta'aziyya.

Ta danna. Zinaren ya ɓace, amma sunan bai tafi ba. Siffarsa ta tsaya baƙa ƙirin, har ta fi haruffan kauri.

"Wannan fa?"

"Inuwa ce, Baba. Ana faɗaɗa rubutun kaɗan, a yanka a baƙar leda, a manna haruffan a kai don su fito."

"Ita ma goge ta."

"Mama ta haɗe inuwar sunayenku, guda ce. In na goge, taka ma ta tafi."

"Gwada mu gani."

Ta gwada. Sunana ya rage shi kaɗai a kan farin allo. Na gyara tabarau, na matso. Ni da na ƙarar da idona a littattafai, na kasa karanta shi.

"In yi maka sabuwa, taka kai kaɗai?"

"Mayar da tsohuwar, ki yanka haka."

"Zinarenta fa? In mayar?"

"A'a, inuwar ta isa. Wanda ya san ta zai karanta."