Wa'azin Malam Nicodemus

Keke-napep ɗin ya tsaya a Dala, Tabitha ta sauka da kular abinci a hannu. Mijinta, Malam Nicodemus, da ya biyo ta a ɓoye a wani keken, ya sa nasa direban ya tsaya daga nesa.

Wani saurayi ya fito daga wani shagon gyaran waya, dogo, siriri, yana ɗan karkatar da kafaɗa in yana tafiya. Ya faɗi wani abu, ta tuntsire da dariya, har ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga. Rabon da Nicodemus ya ji wannan dariyar tun suna sabon aure. Ya tsani fuskar yaron nan take, ya kuma rasa dalilin da ya sa ya kasa daina kallonta.

Ya koma gida da abin a ransa. Shi dattijo ne a ikilisiyarsu ta Wulari, malamin makaranta mai ritaya, kuma wa'azin Lahadi nasa ne. Ya ajiye batun godiya da ya shirya, ya koma wurin annabawa, inda aka kwatanta Urushalima da matar da ta ci amanar mijinta.

Ranar Lahadi muryarsa ta cika coci. Ya ce Allah mai tsarki ne, idonsa ba ya jure ƙazanta. Ya ce daɗewar zunubi ba ta wanke shi, wanda aka zalunta ko bai sani ba, Allah ya sani a madadinsa. Duk jimlar da ya yi sai ya sauke ta a bencin mata, inda Tabitha take zaune. Ba ta sunkuyar da kai ba. Hawaye dai ta yi, shi kuwa ya ji sanyi a ransa.

Da aka tashi, mutane suka yi ta ba shi hannu. Can bakin ƙofa ya hango ta, saurayin na tsaye kusa da ita. Har cikin gidan Allah! Ya ratsa jama'a ya nufe su.

"Tabitha, wane ne wannan?"

"Malam, ka sassauta murya," in ji ta. "Na daɗe ina neman hanyar da zan faɗa maka, ina tsoron kunya za ta kashe ka. Amma yau da bakinka ka ce gara a tone a duniya da a tone a gaban kursiyin shari'a."

Ta dafa kafaɗar saurayin.

"Sunansa Manasse. Uwarsa Vivian ta rasu bara, ba shi da kowa. A Biu ta haife shi, shekarar da aka tura ka koyarwa can, ni ina nan ina jiranka. Manasse, durƙusa ka gai da babanka."